Hancin Nikaso

Ƙanena Firasmon bai taɓa jin magana ba. Da dattawan tsibirin Faros suka ba shi aikin sassaƙa Afrodita, allahiyar soyayya, ni na fara ganin abin da ya yi, don ni nake shafa wa gumakansa launi da kakin zuma. Ina ɗaga ƙyallen da ya rufe farin dutsen, sai ga fuskar matarsa Nikaso, har da ɗan karkacewar hancinta.

"Kai, ka haukace? Uwargijiya guda za ka manna wa hancin 'yar masunta?"

"Yaya, duk tsibirin nan nuna min wanda ya fi shi."

Kwana tara bayan haka zazzaɓi ya kwantar da Nikaso. Muka dafa ganyaye, muka kai kurciyoyi biyu ɗakin bauta, babu sauƙi. Tsohuwar da ke tsaron ɗakin ta zo ta leƙa gunkin, ta ja tsaki.

"Ɗana, Uwargijiya ba ta aron fuska. Ka cire matarka daga dutsen nan, ko ita ta cire ta daga gidanka."

Firasmon ya ɗauko dutsen gurza da ake kawowa daga tsibirin Naksos. Ranar farko ya miƙar da hancin. Ya ruga gida, ya taɓa goshinta, zafi rau. Washegari ya rage leɓen. Rana ta uku kumatun. Duk mai sassaƙa ya san abin da aka gurje daga dutse ya tafi ke nan, amma haka ya yi ta gurza, yatsunsa na jini, yana roƙo kamar wanda ake zanewa.

"Uwargijiya, duba, ba ita ba ce! Wallahi ba ita ba ce!"

Na so in ƙwace dutsen gurzar. Tsoro ya hana ni, har yau ina jin haushin kaina.

A rana ta shida Nikaso ta buɗe ido. Ta rame ƙwarai, ni kaina da kyar nake gane ta. Ba wanda ya gaya mata abin da ake ciki.

"Maigida, kai ni rumfar aikinka. Ina so in ga yadda nake a da."

Ya ce ana iska. Ya ce gobe. Ta kafe, sai ya goya ta, ina biye da bargo. Hantsi ne, haske ya cika rumfar. Ta daɗe tana kallon fuskar, sumul, kyakkyawa, wadda ba ta kowa ba.

"Wace ce wannan?" in ji ta.

Da la'asar ta rasu.

An kai gunkin ɗakin bauta da kiɗa, kowa na yabo. Firasmon ya sayi sabon dutse, ya sassaƙa kai bakwai yana neman fuskar Nikaso, duk ya fasa. Jiya ya shigo wurina, ƙura har gira.

"Yaya, don Allah, hancinta hagu ya karkata ko dama?"

Na buɗe baki, na ga ni ma ban tuna ba.