Sunayen da ke jikin kwalabe

"Gida-gida yake bi yana ɗibar jinin kaji," in ji Balaraba mai ƙosai. "Tun da ya taɓa na Idi, ko zakara bai saura ba."

"Turawa suka turo shi," in ji wata. "Sun ga Shari'a ta zo, sai suka biyo ta kaji."

Ni dai ina ta ƙulla zoɓona. Bilyaminu suke nufi, ɗan maƙwabciyata Kulsumu, katanga ɗaya ta raba mu a Ƙaura Namoda. Yana ajin ƙarshe a jami'a, kuma a firijina yake ajiye 'yan kwalabensa.

"Inna Asta, cutar da ke ƙare mana kaji nake bibiya," ya ce min. "In na gama zan ƙaro karatu, har a riƙa haɗa rigakafinta nan gida. Kar dai su yi ɗumi. Wata shida ina tara su, daga Moriki har Badarawa."

Ran nan na ɗauko kwalba ɗaya. Shekarata biyu a ajin yaƙi da jahilci, sai na bi haruffan da yatsa: Maccido. Sunan maigidana, a jikin jini. Sauran ma duk sunayen magidanta ne. Ban tambayi kowa ba. Na juye su a masai, na wanke firijin da toka.

Da ya zo da kularsa, ya daɗe yana kallon wurin.

"Wuta aka ɗauke, suka yi wari," na ce.

"Ba komai, Inna. Sai in sake."

Ya sake ɗin, a tsakiyar bazara, yana bin ƙauyuka a keke. Mako na uku sanƙarau ya kama shi. Kwanansa huɗu a kwance.

Bayan an tashi zaman makoki Kulsumu ta miƙo min littafinsa.

"Ke da kin iya boko, mi yar rubuta?"

Na bi da yatsa. "Gidan Maccido: kaji bakwai, biyu suna tari. A dawo a duba su." A ƙasa kuma: "A sa sunan Inna Asta a shafin godiya."

Kazata ta tsallako katanga, tana tono a gindin kekensa.

"Kulsumu," na ce, "ba wuta ba ce. Ni na zubar da su. Ki yafe mani."