Ƙungiyar da Waya Ta Zaɓa wa Umma

Auta tela ce, kuma wayarta ta san haka. Duk sanda ta buɗe shafin sada zumunta sai ya jero mata ƙungiyoyin da ya ga sun dace da ita, daga masu sabon ɗinki har masu sayar da zare. Ran nan da hantsi tana shago tana jiran dutsen guga ya yi zafi, sai ga wata sabuwa a sama: "Mata masu fama da ciwon dajin mama. Kin dace da nan."

Doguwa, wadda suke shago ɗaya, ta leƙo ta kafaɗarta.

"Ke da ko mura tsoronki take ji? Wayar nan taki ta fara taɓuwa."

Auta ta yi yaƙe. Doguwa ta koma kan kekenta tana cewa, "Sai dai fa shafin ba ya ƙage. Abin da aka yawaita tambaya yake bi."

Auta ta ƙura wa wayar ido. Bayan ita, mutum ɗaya ne ke taɓa wayar. Kowace safiya mahaifiyarta kan karɓa ta shige ɗaki, wai za ta ji muryar jikokinta. Umma ba ta iya karatu ba, amma ta iya danna wurin da ake magana waya ta rubuta.

Auta ta buɗe jerin abubuwan da aka nema. "Ƙullutu a mama marar zafi." "In ya fara zafi fa." "In ya fashe yana ruwa." Tambayar farko ta kai wata takwas.

Ko guga ba ta kashe ba ta fita.

Ta tarar da Umma tana shanya da hannun hagu, na dama a manne da haƙarƙari. Ta faɗa mata sunan ƙungiyar da wayar ta kawo, sannan ta karanta mata tambayoyin.

"Umma, wata takwas? Muna kwana ɗaki ɗaya?"

Umma ta zauna a bakin ƙofa, jiƙaƙƙen zani a cinyarta.

"Na tambayi wayar ne don ba ta da idon da za ta kalle ni yadda kike kallona yanzu. Ashe tana da baki."

"Tashi mu tafi asibiti."

"Na je, Auta. Ranar da na ce miki zan je gaisuwa. Likita ya ce na makara."

Ruwan zanin na ɗiga a kan ƙafarta, ba ta janye ba. Can ta nuna wayar da haɓa.

"Su nawa ne a cikin ƙungiyar?"

"Sun fi dubu."

"To sa ni. Ki tambaye su ko a cikin waɗanda aka ce wa sun makara akwai wadda ta kai shekara."