Ƙaton Iya Ya Yi Yaji

Likita ne ya ja duk wannan rigima. Shi ya yanka gwiwar Iya, ya ɗinke, sannan ya ce wata biyu ba sauka daga bene, sai ka ce ita akwati ce da za a ɗora a kan kabad a manta. Matar da ta yi shekara talatin da huɗu tana sayar da kofuna da farantan roba a bakin kasuwa, ita aka ajiye a falon 'yarta, hawa na uku, daga ita sai agogon bango. 'Yar ma'aikaciyar jinya ce, da sassafe take ficewa. Mijinta mai gyaran wuta ne, shi ma ba mazauni ba ne.

Rana ta biyar surukin ya dawo ya tarar Iya tana yi wa labule faɗa don iska ta kaɗa shi. Ya durƙusa gaban talabijin ya jona wata baƙar na'urar wasa, ya miƙo mata abin dannawa da hannu biyu.

"Iya, ga gari guda na ba ki. Ke ce sarauniya."

"Ni za ka mayar yarinya?"

"Gwadawa kawai za ki yi."

Ta karɓa don ta samu abin kushewa. Da aka kira ta cin abinci, cewa ta yi a rufe mata, tana tsakiyar yaƙi.

Iya ba ta taɓa shiga aji ba, kuma har yau ba ta ga abin da ta rasa ba. Rubutun da ke fitowa a ƙasan talabijin bai dame ta ba, yaren da mutanen ciki ke yi ma bai dame ta ba. Fuska take dubawa, kamar yadda ta saba gane mai saye da mai taɓa kaya. Cikin sati guda ta gina ganuwa, ta haƙa rijiyoyi, ta kori 'yan fashi daga gada, ta kuma samu abokan tafiya uku. Akwai wata mai baka da kibiya, ta sa mata Siririya. Akwai wani tsoho mai jakar magani, ta sa masa Ɗan Ganye. Sai na ukun, mai garkuwa kamar ƙyauren shago, wanda duk sanda aka harbo mata kibiya shi ke shan gabanta ya tare da ƙirjinsa. Wannan shi ne Ƙato, kuma shi ne ɗan gaban goshi. Kullum ta kunna na'ura sai ya dafa ƙirji ya rusuna.

"Ka tashi lafiya, ɗan albarka?" in ji ta. "Ka ga wanda aka yi wa tarbiyya."

Wata rana ta ga hoton hannu riƙe da jakar kuɗi, da wani layi a ƙarƙashinsa. Ta kira 'yarta.

"Ke, mene ne wannan?"

"Haraji ne, Iya. In kin ja nan sama ya ƙaru, in kin ja ƙasa ya ragu."

Haraji! Iya ta ajiye abin dannawa ta gyara ɗaurin ɗankwali. Ita za a gaya wa haraji? Ita da wasu ƙatti masu ɗan littafin rasit suka sha kifar mata da tebur, suka taɓa kwashe mata bahon roba goma sha biyu suka jefa a bayan mota, ta bi su ofis-ofis har takalminta ya tsinke, ba baho ba haƙuri? Ta ɗauki abin dannawa ta ja layin nan ƙasa, ta ja, ta ja, har ya ƙi tafiya. Nan take mutanen garin suka fito rawa, ana watsa mata furanni. Iya ta yi dariya har da hawaye.

"A garina," ta ce, "ba mai kifar wa wata tebur."

Sai kuma maganar gumaka. Garin yana da ɗakunan bauta uku: na wata mai zama a kogi, na wani mai ƙaho da wuta a ka, da na wani tsoho mai riƙe da zangarniya. Masu tsaronsu kan zo fada su durƙusa suna nuna rufinsu da ya ɓule. Iya ba ta ko bari su gama.

"Ni da alwalata? Ku tashi ku ba ni wuri."

Kwana arba'in abin yana tafiya daidai. Rana ta arba'in da ɗaya ta kunna na'ura, ta ce, "Ka tashi lafiya, ɗan albarka?" Ba wanda ya rusuna. Sai ga Ƙato can a ƙofar gari da ƙunshin kayansa a kafaɗa. Ya waigo sau ɗaya, ya girgiza kai, ya fita. Ta danna duk abin da ke dannuwa, bai dawo ba.

Da surukin ya dawo ya duba, ya sosa ƙeya.

"Iya, ni ƙwallo kawai nake bugawa a na'urar nan. Amma a goge a fara sabo mana, za a ba ki wani."

"A goge wa? Kai in matarka ta yi yaji goge ta kake yi? A ina ka sayo abin nan?"

Ranar da likita ya ce za ta iya sauka, ba gidan 'yan'uwa ta fara zuwa ba, ba kasuwa ba. Ta tumɓuke na'urar da wayoyinta, ta naɗe a zane ta cusa a jaka, ta ɗauki sandarta. 'Yar tana biye da ita a matattakala tana magiya.

"Iya, don Allah, kunya za ki ba mu."

"Kunya ta kama wanda ya sayar da kayan da ke guduwa. Tare mana mota."

Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da tabarau. Faifan wasanni jere a bango har sama, fanka tana juyi tana kuka, talabijin biyu a kan kanta. Mai shagon, wani mai furfura a gemu, yana cin burodi da shayi, sai ji ya yi an dire jaka a gabansa.

"Kai ne mai wurin nan?"

"Ni ne, Iya. Sannu da zuwa. Ga kujera."

"Ba zama ya kawo ni ba. Kun sayar mana da mutum, na riƙe shi amana kwana arba'in, ya kwashe kayansa ya tafi. Ko ku fito mini da shi, ko ka faɗa mini inda ake kai ƙararku."

Mai shago ya dubi 'yar. 'Yar ta dubi fanka. Ya ture shayinsa gefe, ya kwance zanen, ya jona na'urar. Da garin ya bayyana sai ya matso da fuskarsa.

"Wa ya gina ganuwar nan?"

"Wa kake gani?"

"Iya, wallahi akwai masu shekara biyu suna wasan nan ba su yi rabin wannan ba." Ya danna wani wuri, sai ya saki baki. "To, ina kuɗin taska?"

"Wace taska?"

"Ta gari. Ko ƙwandala babu. Wa ya sauke haraji har ƙasa?"

"Ni. Kana da magana?"

Ya yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta ƙwace masa. Mai gyaran waya ya leƙo, ya shigo, bai koma ba.

"Iya, abokan tafiyar nan albashi ake biyansu duk sati, daga taska yake fita da kansa. Taskar ta ƙare tun tuni. Bawan Allahn nan sati huɗu yana tare miki kibiya kyauta. Ga shi nan a rubuce, sau uku yana zuwa yana faɗa miki."

Iya ta tuna. Sau uku ya zo ya tsaya gabanta yana magana yana buɗe tafin hannu, ita kuwa ta ɗauka hira yake, tana ta ce masa madalla.

"To sauran biyun me ya hana su tafiya?" ta tambaya, muryar ta ɗan sauka.

"Su ma suna hanya. Shi abin ya haɗe masa biyu ne. Kowane aboki da abin bautarsa, shi na matar kogin nan ne. Rufin ɗakinta ya rufta, ya roƙa, kin kore su."

"Ni ba na bauta wa gunki, ko na zane ne."

"Ba wanda ya ce ki durƙusa. Kin ga wannan hoton gwiwa? Shi ne bauta, kar ki taɓa shi har abada, ba abin da zai ragu. Wannan na guduma kuwa gyaran rufi ne kawai. Talakawanki ne, ruwa na dukansu."

Iya ta juya maganar a ranta. A kasuwa teburinta yana jikin na wata mata da ba addininsu ɗaya ba, shekara ashirin, in ruwa ya sauko leda ɗaya suke ja su rufe kayansu.

"Rufi dai?"

"Rufi kawai."

"To a gyara. Amma haraji, ka ji ni da kyau, ba zan tatsi mai tebur ba."

"Ai ba dole. Duba nan." Ya danna gefen hoton jakar, layi ɗaya ya rabu uku. "Wannan na talakawa, wannan na manyan 'yan kasuwa masu jiragen ruwa, wannan na masu gidajen dutse a kan tudu. Kowanne da nasa."

Iya ta fizge abin dannawa daga hannunsa.

"Kana nufin duk kwanakin nan masu jirage ma ba sa biya? Da ni suke rawa suna watsa mini fure?"

Ta bar na talakawa a ƙasa. Ta kama na masu tudu ta yi sama da shi kamar za ta fasa talabijin.

"A'a, a'a, Iya, tsaya a tsakiya! In kin kai ƙarshe tawaye za su yi."

"Su yi mana, ina da ganuwa."

"Ba ki da Ƙato."

Ta harare shi, ta dawo da layin tsakiya, ta ɗan ƙara kaɗan don huce haushi.

Mai shago ya nuna mata hanya a taswira. Ƙato yana wani masauki a bakin teku, jirgin da zai ɗauke shi yana lodi. Suka same shi zaune shi kaɗai, garkuwar jingine da bango. Kafin ta matsa kusa, mai shago ya ɗaga hannu.

"Kullum kafin babbar magana, ki danna nan ki ajiye wasan. In ta ɓaci sai a dawo daidai nan."

Ta ajiye. Layuka uku suka fito a ƙasa, 'yar ta karanta mata. Na farko, biya shi haƙƙinsa yanzu, amma ya dushe, don harajin bai shigo ba tukuna. Na biyu, umarce shi ya koma bakin aikinsa. Na uku, 'yar ta yi ɗan tari.

"Na uku fa?"

"Cewa za ki yi, 'Na yi kuskure, ka yafe mini.'"

'Yar ta san uwarta. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin wannan magana ta fito daga bakin nan ba, ko ga mahaifinsu, ko ga likita.

"Ni na zo karɓar haƙƙina," in ji Iya, "shi ne za a ce in ba da haƙuri?"

Ta danna na biyu. Ƙato ya miƙe a hankali, ya ɗauki garkuwarsa, bai ko dube ta ba, ya hau jirgi. Jirgin ya yi ta ƙanƙancewa a kan ruwa har ya ɓace. Iya ta nemi kujerar da ta ƙi ɗazu ta zauna.

"Mayar da ni," ta ce. "Maza."

Aka mayar. Ga Ƙato zaune, ga garkuwa a bango, ga layuka uku. Yanzu mai tabarau ma ya shigo, da wata mata da ta zo karɓar wayarta.

"Kawo in danna miki, Iya," in ji 'yar a hankali.

"Ke kika hana shi albashi? Cire hannunki."

Ta gyara zama, ta dubi Ƙato ido cikin ido, ta yi magana da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Kai ɗan nan. An ci mini haƙƙi na san zafinsa, sai ga shi na ci naka ban sani ba. Sati huɗu! Ni ce da laifi. Ka yi haƙuri."

Sannan ta danna.

Ƙato ya daɗe yana kallon ƙasa. Mai gyaran waya ya dafa kafaɗar mai tabarau. Can sai Ƙato ya miƙe, ya saɓa garkuwa, ya dafa ƙirji, ya rusuna.

Shagon ya kaure da ihu. Matar da ta zo karɓar waya ta rangaɗa guɗa ba ta ma san kan zancen ba. 'Yar tana dariya tana share ido da gefen mayafi, ta ciro waya za ta kira mijinta.

"Iya, maimaita abin da kika ce in ɗauka, wallahi ba zai yarda ba."

"Ki ɗauki ƙaniyarki." Iya tana murmushi har kunne, idonta na kan talabijin. "Kai kuma wuce mu tafi gida, ƙaton banza, ka sa tsohuwa ta sauko bene uku da ɗinki a gwiwa. Ranar biya kai ne na farko. Mai shago, kar ka cire wayar nan tukuna, nuna mini inda ake ganin albashin sauran biyun."