Tafintan Dusan

Radovan bai gama kwance igiyar takalmin ƙanƙararsa ba aka ce manaja na kiransa. Ya tafi da gumin atisaye a jiki, yana zaton aikin tafinta ne kamar kullum. Tun da kulob ɗin nan na Kanada ya ɗauko Dusan, matashin ɗan wasan hoki na kan ƙanƙara daga garinsu a Sulobakiya, Radovan ne bakinsa kuma kunnensa.

Ya tarar da manajan, Mista Pruitt, shi kaɗai.

"Ina yaron?"

"Kai nake nema. Zauna."

Pruitt ya yabi ƙoƙarinsa, ya yabi haƙurinsa, sannan ya ce gobe za a mayar da shi ƙaramin kulob, can ƙauye.

"Wasana ne ya lalace?"

"Wasanka na nan yadda yake tun bara, Rado. Ai ka san dalilin da muka riƙe ka."

Wallahi bai sani ba. Ya ɗauka ƙarfinsa a tsaron baya suke so.

"To wa zai riƙa yi wa yaron bayani?"

"Na tambaye shi jiya. Da Turanci ya amsa mini, ya ce yanzu ba ya bukatar kowa."

Turancin nan a teburin gidan Radovan aka koye shi, matarsa Jarmila na zuba wa yaron miyar kabeji, shi kuma yana gyara masa harshe kalma bayan kalma.

A ɗakin canza kaya ya samu Dusan yana naɗa wa sandar wasansa tef.

"Kawu, yaya na ga ka yi fuskar mai tsaron gidan da aka zura wa goma?"

"Kai ka ce ba ka bukatar kowa?"

Hannun Dusan ya tsaya. "Tambayata suka yi. Ƙarya kake so in yi?"

"A'a. Ka dai iya gaya mini kafin su."

"Haba Kawu, kai ma fa sai da aka cire wani ka samu wuri."

Radovan ya shiga zuba kayansa a jaka.

Can sai 'yan jarida suka shigo, labari ya riga ya kai musu. Suka wuce shi, suka kewaye Dusan. Wata mai saurin baki ta miƙa masa makirufo, ta tambaye shi me tsohon nan ya zame masa tun zuwansa ƙasar.

Dusan bai kama ko rabin tambayar ba. Ya yi murmushi, ya waiwayo hagunsa, inda ya saba samun Radovan.

Radovan ya ji kowace kalma. Ya ja zif ɗin jakarsa, ya saɓa ta a kafaɗa, ya ce wa mai gadin ƙofa sai wata rana.