Jan Layin Monsieur Garnoux

Monsieur Garnoux yana da masana'antar bututun roba a Saint-Fons, kudu da Lyon, yana da shekara hamsin da takwas, yana kuma da motar tsere. Ba irin wadda ake gani a titi ba ce. Prototip ce, an ƙera ta don filin tsere kawai, shimfiɗe take da ƙasa, mutum ɗaya take ɗauka. A kakar 2013 ya shigar da ita gasar Turai: tsere biyar, kowanne awa uku, direbobi biyu na karɓa-karɓa. Ɗaya Tiago ne, ɗan Portugal, wanda tuƙi ne sana'arsa. Ɗayan kuma mai motar ne da kansa, tunda ba wanda zai hana shi.

Halimatou ce injiniyar ƙungiyar. 'Yar Maradi ce, a Lyon ta yi karatu, kuma takardar zamanta a Faransa rataye take da wannan aikin, wanda kwangilarsa za ta ƙare a Disamba. Aikinta karanta abin da motar ke aikowa kwamfuta, da yi wa direba magana a kunne ta rediyo. Kafin ita maza biyu sun riƙe rediyon. Dukansu sun riƙa gaya wa Garnoux gaskiyar lokacin da yake ɗauka a kowane zagaye, dukansu kuma sun koma neman aiki.

Ita tana da horon da babu shi a makarantar injiniyoyi. Kawunta Abdourahamane, mazaunin Montreuil, shekara talatin ya yi yana tuƙin taksi a Paris, har yanzu bai yarda idonsa ya rage ba. Duk sallah shi ke ɗauko ta daga tashar jirgi, ya hau layin bas, ya sauka, masu babur na zaginsa, ita kuma tana riƙe da ƙofa tana cewa, "Kawu, ashe hannun yana nan." Tun tana yarinya ta san ba a gaya wa babba ya kasa. Ana dai yi masa sannu har a isa gida.

Haka ta yi wa Garnoux. A Ingila motoci huɗu suka wuce shi a zagaye guda, ta ce masa yana kula da taya yadda ya kamata. A Italiya ya juya sau biyu a tsakiyar kwana, ya tsaya yana fuskantar inda ya fito, ta ce ba kowa ne zai ceci motar haka ba. Dokar gasa ta ƙayyade mafi ƙarancin lokacin da direba irinsa zai tuƙa. Halimatou ta riƙa kiransa ya shigo daidai minti ɗin da lokacin ya cika, tana cewa dabara ce. Dabarar ce kuwa. Tiago ya shiga, ya kwashe sauran tseren yana kamo waɗanda patron, wato maigida, ya sallama. Makanikai suka fara gaishe ta da safe da girmamawa. Aka gama kaka suna na huɗu a ajinsu.

A Nuwamba Garnoux ya kira ta Paris cin abincin rana, a wani gidan abinci kusa da tashar jirgin ƙasa ta Gare de Lyon. Ta tarar da shi da abokinsa, likitan haƙori, wanda ya sayi hular kwano mai sunansa tun kafin ya taɓa shiga motar. Ba a kawo miya ba Garnoux ya bayyana shirinsa. Ya ce a bana ya gano kansa. Ya ce Tiago yaron kirki ne, amma ba a bukatarsa kuma. Baɗi shi da likita za su raba tuƙin, shi zai ɗauki awa biyu. Takardar sabuwar kwangilarta tana cikin jakarsa, ya nuna mata gefenta.

"Ke kika fi kowa sanin yadda na ci gaba," ya ce. "Gaya masa."

Halimatou ta dubi likitan, tana lissafin gudun da motar ke yi a miƙaƙƙen layi da nisan bango daga kwanar farko. Sai ta buɗe jakarta ta fito da takarda guda. Zane ne na gudun motar a zagaye ɗaya a tseren ƙarshe, layi biyu, shuɗi a sama, ja a ƙasa. Garnoux ya sa tabarau, ya bi shuɗin da yatsa, ya nuna wa abokinsa inda ya jinkirta taka birki. Ya nuna jan, ya ce a duba yadda yaron nan Tiago ke jin tsoron kwana.

"Patron, shuɗin na Tiago ne," ta ce. "Jan ne naka. Ya fi ka da sakan huɗu da rabi a kowane zagaye. A Afrilu ma, a tseren farko, huɗu da rabi ne."

"Amma ke kika ce..."

"Na ce."

Likita ya mai da hankali kan burodinsa. Garnoux ya cire tabarau, ya ninke takardar gida huɗu, ya ce kwamfuta ba ta jin mota a jikinta. Ya tambayi Halimatou ko a ƙasarsu ana tsere ma. Ta ce ana yi, da raƙuma. Aka kawo miya, aka sha, aka yi maganar cunkoson hanyar Lyon.

A jirgin komawa ta kira kawunta ta ce mai yiwuwa ta zo ta zauna wurinsu kwana biyu. Ya ce ɗaki na nan, shi zai ɗauko ta da kansa. Ta ce za ta hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Wasiƙa ta zo ranar sha biyu ga Disamba. Wannan karon Garnoux bai yi kora ba, don kada ta fita ta ba da labari. An ba ta aiki na dindindin, da ƙarin albashi, a ɗakin gwajin bututu, hawa na biyu, inda taga ke kallon tankunan masana'antar maƙwabta. Ta sa hannu a ranar, ta kai takardun ofishin baƙi, aka sabunta mata zama.

Tiago ya sami wata ƙungiya. A tseren farko na sabuwar kaka motar Garnoux ta yi minti arba'in a fili, sannan ta kauce hanya ta shiga tsakuwar gefe ta zauna. Ba wanda ya ji rauni. Sanarwar da aka liƙa a allon masana'anta ranar Litinin ta ce matsalar birki ce, kuma ana neman sabon injiniya.