Igiya Huɗu da Abincin Ranar Noreen

Harlan Beaudry ne ya fara ganin wannan ciwo na kwamfuta, kafin kowa a garin, kafin 'yarsa Rhonda da ke aikin ofis a birnin Winnipeg, kafin ma masu ilimin da suka ƙera abin su farga sun yi ɓarna. Kuma mutumin nan aji uku kacal ya yi a makaranta aka cire shi ya tafi yankan itace. Shekara talatin da ɗaya yana jan babbar mota a kan hanyar ƙanƙara da ke ratsa tafki in ya daskare. Sau biyu tafki ya buɗe baki ya haɗiye motar, sau biyu ya fito ta taga. Yatsu biyu na ƙafar hagu kawai sanyi ya samu ya ci. Irin wannan mutum inji ba ya ɓoye masa ciwo.

Ranar Talata da yamma kwamfutarsa ta cinya ta ce za ta sabunta kanta. Shi dai bai roƙe ta ba. Ta yi ta jujjuya ɗige-ɗige har ya gama wanke kwanuka, sannan ta dawo da sabuwar fuska, komai ya bar inda ya san shi. Ya rufe murfin kamar kullum, ta yi barci. Laraba, sha biyu saura minti biyu, ya ɗaga murfin. Fuskar ta yi shuɗi, wani rubutu ya fito, ta mutu. Kafin ta sake tashi daga farko, kwata guda, minti sha biyar cur, ya wuce.

Kwata guda kuwa ba wasa ba ne a gidan nan. Matarsa Noreen tana gidan kula da tsofaffi a birni tun da ɓarin jikinta ya shanye, tafiyar awa biyar, shi kuma likita ya karɓe masa lasisin tuƙi saboda ido. Kullum da sha biyun rana wata nas mai suna Perpetua takan ajiye wa Noreen abinci, ta jingina allon kiran bidiyo a gabanta, ta kira Harlan. Shi ya ci nasa a nan, ita ta ci nata a can. In ta ga ya kai cokali baki sai ta kai. In ba ta gan shi ba, sai ta kau da kai ta zuba wa taga ido. Allon kuma guda ɗaya ne a duk hawan benen, minti goma aka jira ba a ɗauka ba, sai ɗaki na gaba.

Alhamis ya ce ba zai bar ta ta yi barcin ba. Tun sha ɗaya ya zauna yana motsa linzamin kwamfutar kamar mai rarrashin jariri. Sai ga mai kawo man ɗumama gida yana buga ƙofa. Kafin ya nuna masa tanki ya dawo, ta yi barci da kanta. Ya taɓa ta, shuɗi.

Juma'a ma haka. Da la'asar Perpetua ta kira shi a wayar gida.

"Baba Harlan, kwana uku cokali biyar ta ci, ni na ƙirga. Likita ya ce in aka kai Litinin a haka, sai a sa mata robar abinci ta hanci."

"Ba wanda zai sa wa Noreen roba," in ji shi. "Gobe ki ajiye allon nan, za ki gan ni."

Ya kira Rhonda. Ta ce, "Baba, ka saka ta a motar safe ta zo nan, akwai shagon gyara kusa da mu. Sati biyu ka samu abarka."

"Sati biyu! 'Yar nan, uwarki ce ko tukunyar fure?"

"To shiga wurin saiti ka kashe barcin."

"Wane wurin saitin? Sun kwashe komai sun zuba a wani lungu, da rubutu ƙanana kamar kashin kaza."

Asabar, bakwai na safe, maƙwabcinsa Emmett Sawchuk ya shigo yana kakkaɓe dusar ƙanƙara daga takalmi. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, shi ke karanta wa Harlan takardu, shi ya sa yake jin kansa malami.

"Tsoho, ka haƙura mana," in ji Emmett, yana zuba wa kansa kofi ba a ba shi ba. "Kai da sunanka ma sai ka yi hutu a tsakiya kafin ka gama rubutawa, kai ne za ka gyara kwamfuta?"

"Kai da ka yi karatun, shekara arba'in lasar kan sarki kawai ka yi. Zauna ka riƙe fensir."

Harlan ya share teburin kicin. Abin da ya sani shi ne wannan: a sanyin asuba ba a tayar da inji da kaya a wuyansa. In mota ta ƙi tashi, ba ka kwance ta gaba ɗaya. Abu ɗaya kake cirewa, ka murza, ka saurara. In ka cire biyu ta tashi, ba ka san wanne ne mugun ba. Igiya huɗu ce a jikin kwamfutar: ta caji, ta firinta, ta linzami, da ta wata tsohuwar kyamara mai kama da ƙwallo da ke zaune a kan gwangwanin sukari.

Ya zare ta firinta. Ya rufe murfi, ya jira har fitilar gefe ta fara lumshewa, ya sha rabin kofi, ya buɗe. Shuɗi.

"Ɗaya," in ji Emmett, ya ja layi a bayan kalanda. "In karanta maka abin da ta rubuta?"

"Ka gane shi?"

"A'a."

"To bar shi."

Suka jira ta tashi. Ya mayar da ta firinta, ya zare ta linzami. Shuɗi. Ya mayar, ya zare ta caji. Shuɗi. Kowanne sai da ya yi sau biyu, don ya ce gwaji ɗaya ba shaida ba ne. A tsakani suka soya ƙwai, suka yi gardamar wanda ya fi kama babban kifi a shekarar ambaliya. Agogon bango ya buga goma da rabi.

Saura kyamara. Harlan ya daɗe yana kallonta. Shekara goma sha biyu tana tare da shi, kwamfuta biyu ta binne.

"Wannan ba ta taɓa ba ni kunya ba," in ji shi.

"Haka ka ce game da motarka kafin ta nutse. Zare."

Ya zare. Ya rufe, ya jira, ya buɗe. Fuskar ta haska nan take, tsaf, kamar ba ita ba. Ya sake. Ya sake na uku. Lafiya lau.

"Na gaya maka tun Laraba ita nake zargi," in ji Harlan.

"Yaushe?"

"A zuciyata."

Sai dai in babu kyamara, me Noreen za ta gani? Ya ce bari ya yi wa kwamfutar wayo, ya tashe ta tukuna sannan ya soka igiyar. Yana sokawa ta yi shuɗi a gabansu. Sha ɗaya da kwata. Ya zare igiyar, ya bar ta tana tashi, ya kira Rhonda.

Ta saurara, ta ce, "Na gane. Kowace kyamara tana da ɗan tafintanta a cikin kwamfuta. Naka ya tsufa, sabon tsarin ba ya jin yarensa. Amma Baba, me kake yi da tsohuwar kyamara? Kwamfutar tana da nata idon a saman murfi."

Emmett ya sa tabarau ya leƙa. A saman murfin akwai baƙin salatif na masu gyaran lantarki, ninki uku.

"Mene ne wannan?" in ji Emmett.

"Ranar da aka kawo ta na liƙe. Kada gwamnati ta riƙa leƙena."

Emmett ya yi dariya har kofi ya fito masa ta hanci. "Gwamnati ta leƙa ta ga me? Kai da dogon wandon barci kana cin wake a gwangwani?"

"Wancan mai igiya in na gama nakan juya shi ya kalli bango. Wannan ta ina zan juya shi?"

"Baba," in ji Rhonda a waya, "sha biyu saura ashirin. Gwamnati ko Mama?"

Harlan ya ciro wuƙar aljihu. Salatif ɗin shekara shida, ya zama kamar kwalta. Ya ɓare shi a hankali, danƙo ya rage a kan idon. Ya ɗiga man girki a kan tsumma ya murza, ya goge da gefen riga, ya hura, ya sake gogewa. Sannan ya ɗumama miyar dankali, ya yanka burodi, ya rufe murfin don ya gani da idonsa. Sha biyu saura minti ɗaya ya buɗe. Ta farka.

Kira ya shigo. Ga Noreen, ta rame kaɗan, an taje mata gashi. Ta juyo daga taga ta dube shi. Sabon idon ya fi tsohon gani nesa ba kusa ba. Ta daɗe tana haɗa kalma a bakinta.

"Ba ka... yi aski ba."

"Kwana huɗu ina yaƙi, 'yar tsohuwa, wa ke aski a fagen fama? Ɗauki cokali."

Ya kai nasa baki. Ta kai nata. Emmett ya ɗauki hularsa ya fita a hankali. Perpetua ta leƙo ta gefen allon lokacin da kwanon ya kusa ƙarewa, ta ɗaga masa babban yatsa, ta ƙara musu minti biyar da ba nasu ba.

Yanzu in ka tambayi Harlan game da salatif ɗin, zai ce da gangan ya liƙe, don ya adana idon sabo fil saboda rana irin wannan. Emmett yakan ce ƙarya ce, amma Emmett fensir kawai ya riƙe. Duk mai shakka ya zo gidan, kore ne na ƙarshe kafin tafki. Ga kwamfuta, ga tsohuwar kyamara a cikin aljihun tebur. Ya soka ta da hannunsa, ya rufe, ya buɗe. In ba ta yi shuɗi ba, Harlan zai share masa ƙanƙarar ƙofar gida har bazara. Amma kada ya zo da sha biyu, ba za a buɗe masa ba.