Rigunan Kajin Kubra

Kubra ta jefi zakaran da takalmi, ta kuskure shi. Ya dire daga bayan kazar, ya karkaɗe jiki kamar wanda ya yi aikin lada, ya haye katanga.

Kaji huɗu gare ta, kuma da ƙwansu take ciyar da jikokinta a unguwar Alsawra. Jarababben zakaran maƙwabciyarta, Hajja Bakhita, ya tsige musu gashin baya tas. Biyu har jini suke, sun daina ƙwai.

"Hajja, ki yanka ɗan banzan nan, ko ni in yanka miki," in ji ta ta kan katanga.

"Ma'alesh, yi haƙuri, ya Kubra. Ɗana Walid ya bar min shi ranar da ya tafi Masar. Bari in ɗinka wa kajin riguna, farcensa ba zai taɓa su ba."

"Kaji da riga? Ni za ki mayar mahaukaciyar unguwa? Halas, zance ya ƙare, kar ki ƙara yi min magana."

Shekara ashirin suna shan gahawa tare, amma kwana shida Kubra ba ta gaishe ta ba. Tana jin tarin tsohuwar ta bayan katanga, sai ta ƙara murya a rediyo.

Ran na bakwai zakaran ya ƙi komawa gida, ya wuni yana wawar tsabar kajinta. Ranta ya ɓaci. Ta cafke shi, ta ɗaure masa ƙafa, ta banka ƙofar Hajja ko sallama babu.

Hajja na kwance a gadon igiya, rai ya yi halinsa, jikinta ya yi sanyi. A gefenta ga 'yan riguna uku da ta yanka daga shuɗin mayafinta na zuwa biki. Ta huɗu da allura soke a jiki.

A wurin zaman makoki wata ta ce a yanka zakaran a yi wa baƙi miya.

"Duk wadda ta taɓa shi, ni da ita," in ji Kubra. "Ina kuke lokacin da take tari?"

Amma haushin kanta ya fi ci mata rai.

Da la'asar ta ƙarasa riga ta huɗun da ɗinkinta mai karkata. Kajin na kiwo sanye da shuɗi, zakaran na kan katanga yana leƙen gidan da aka rufe.